Yadda ake lissafa rarar ƙarfi da raguwar gudu a kan abin da ke faɗowa

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da takardun fizik na ajin Tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, ko a Marwa kake karatu, ko a Garwa, ko can Injamena. Yau ta zo da sojan lema, gobe da buhu a bakin igiya, jibi da dutsen da ya faɗa cikin rairayi. Abin da take nema dai ɗaya ne: abu yana sauka, wani ƙarfi ya tare shi, to ƙarfin da ya yi rinjaye a kansa nawa ne, kuma gudunsa yana raguwa da nawa? Lissafin bai wuce tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa ba. Inda ɗalibai ke zubar da maki wuri biyu ne. Na farko, suna fara danna kalkuleta tun ba su tsayar da me za a ɗebe daga me ba. Na biyu, in sun kai ƙarshe sai su manta cewa abin da ke faɗowa yana nan da nauyinsa har a lokacin da ake tsayar da shi.

Kayan aiki

Harafin m shi ne yawan kilon abu. Buhun simintin Figil kilo 50 ne a Marwa, kuma kilo 50 ne ko da an kai shi duniyar wata. Harafin P shi ne nauyi, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abin da shi, kuma da niyuton (N) ake auna shi kamar kowane ƙarfi. Ana samun sa da P = m × g, inda g ke nuna ƙarfin jan ƙasa a kan kowane kilo ɗaya. A yankinmu g kusan 9,78 ne saboda muna kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, a can ƙuryar arewa da ta kudu kuwa yana kaiwa 9,83. Takardar jarrabawa takan ce a ɗauki 9,8 ko 10, kuma abin da ta ce shi za ka bi. A nan zan ɗauki 10 don lissafi ya fita fes, don haka nauyin buhun nan N 500 ne. Ina sa waƙafi a lambobi kamar yadda muke yi a littattafan makaranta, 9,8 ke nan tara da ɗigo takwas.

Harafin v gudu ne, mita nawa a sakan ɗaya (m/s). Harafin a kuma canjin gudu ne a kowane sakan (m/s²). Idan aka ce raguwar gudun abu m/s² 4 ce, ana nufin duk sakan ɗaya ana zaftare m/s 4 daga gudunsa: in yana gudun 12 yanzu, bayan sakan ɗaya 8 ne, bayan biyu 4, bayan uku ya tsaya.

Abin da ya ɗaure waɗannan duka shi ne doka ta biyu ta Aizak Niyuton, daga littafinsa na 1687, wadda muke rubutawa yau haka: ΣF = m × a. Ita ce malamai ke taƙaita sunanta na Faransanci da TCI ko RFD a allo. ΣF ita ce rarar ƙarfi, abin da ya saura bayan ƙarfin da ke jan abu ƙasa da wanda ke tura shi sama sun cinye juna.

Mataki na 1: ware abu ɗaya, ka zana kibiyoyinsa

Kada ka rubuta lamba ko ɗaya tukuna. Zana akwati ƙarami a madadin abin da ke faɗowa, ka ɗiga ɗigo a tsakiyarsa. Daga ɗigon ka ja kibiya ta nufi ƙasa, ka rubuta P. Wannan ba ta taɓa ɓacewa, ko abin yana gudu, ko yana tsayawa, ko ya tsaya.

Sai ka tambayi kanka: me ke taɓa abin nan a daidai wannan lokaci? A irin waɗannan tambayoyin nauyi kaɗai ke aiki ba tare da taɓawa ba, sauran duk sai sun taɓa. In igiya ce, kibiya sama, T. In iska ce ke turje masa, kibiya sama, f. In ƙasa ce ko rairayi ya tokare shi, kibiya sama, R. In cikin ruwa ya faɗa, kibiyoyin sama biyu ne, turjiyar ruwa da kuma tunkuɗar da ruwa ke yi wa duk abin da ya nutse a cikinsa.

A nan ne ake shigo da baƙuwar kibiya. Ɗalibi ya ga dutse yana gudu ƙasa, sai ya ƙara kibiya ta biyu mai nufar ƙasa, ya ce ƙarfin gudu ne, ko ƙarfin hannun da ya jefa. Hannu ya rabu da dutsen tun tuni, ba abin da yake yi masa yanzu. Gudu kuwa hali ne da abin yake ciki, babu wanda ke tura shi da shi. In kana son ka tuna inda abin ya nufa, ja kibiyar v a gefen takarda, nesa da akwatin, ko da wani launin biro.

Mataki na 2: zaɓi fuskar da za ka ba alamar tarawa

Sama ko ƙasa, duk wadda ka zaɓa daidai ce, muddin ka rubuta ta a gefen zanen kuma ba ka sauya ta a tsakiyar lissafi ba. Duk kibiyar da ta bi fuskarka tana ɗaukar (+), wadda ta saɓa tana ɗaukar (−).

Shawarata ga mai fara koyo ita ce, in tambaya ta nuna abin yana rage gudu ne yayin da yake sauka, ya ɗauki sama a matsayin (+). Dalili kuwa, abin da ke sauka yana rage gudu rarar ƙarfinsa sama take kallo, don haka amsoshi za su fito ba tare da alamar ɗebewa ba, hankali ya kwanta. Wasu malamai sun fi son a bi fuskar tafiya, wato ƙasa, sai a ta fito da (−). Babu laifi, abu ɗaya ake faɗi.

Mataki na 3: fitar da rarar ƙarfi

Mu ɗauki tambayar da aka fi yi. Sojan lema, shi da kayansa kilo 80, yana faɗowa. Ya ja lemar ta fara buɗewa, a wani lokaci iska tana turje masa da N 2400. Nawa ce rarar ƙarfi?

Nauyi: P = 80 × 10 = N 800, ƙasa.
Turjiyar iska: f = N 2400, sama.
Sama ce (+), don haka ΣF = 2400 − 800 = N 1600.

Amsa ta fito da (+), ke nan rarar tana kallon sama. Ka rubuta hakan da kalmomi, "N 1600, tana fuskantar sama", domin ƙarfi ba shi da cikakkiyar amsa sai da fuskarsa, kuma mai gyaran takarda yana neman wannan.

Rarar ƙarfi kamar ribar mai albasa ce. Cinikin da ya yi a kasuwa daban, abin da ya rage masa bayan ya cire kuɗin mota da na dako daban. N 2400 ciniki ne, N 800 kashewa ce, N 1600 ita ce riba. Wanda ya san riba yana son ya gano ciniki kuwa dole ya mayar da abin da aka kashe, kuma wannan komawar za ta yi mana amfani nan gaba.

Mataki na 4: raba da kilo

a = ΣF ÷ m = 1600 ÷ 80 = m/s² 20, sama.

Da m ake rabawa, 80, ba da 800 ba. Sannan ka kwatanta fuskar a da ta v. Sojan yana tafiya ƙasa, a tana kallon sama, sun saɓa, ke nan gudu raguwa yake yi. Da sun kalli wuri ɗaya, da ƙaruwa yake yi. Wannan kwatancin kaɗai ke gaya maka raguwa ce ko ƙaruwa. Alamar (−) ita kaɗai ba ta gaya maka komai, tunda kai ka zaɓi fuskar da ta haife ta. Da ƙasa ka ɗauka (+), da ka samu 800 − 2400 = −1600, da a = −20, kuma sojan dai yana rage gudu da 20 ɗin nan.

Wani abu da ke rikita mutane: rarar ƙarfi tana kallon sama ba ya nufin sojan ya koma sama. A bidiyo akan ga kamar lema ta fizge mutum ta yi sama da shi. Mai ɗaukar hoton ne ya ci gaba da faɗuwa da cikakken gudunsa ya bar shi a baya. Shi mai lemar har yanzu sauka yake yi.

Idan ba a ba ka ƙarfi ba, an ba ka nisa ko lokaci

Nan ne tambayar ke juyewa, kuma nan ne ta fi amfani a wajen makaranta. An gaya maka daga inda abu ya faɗo da kuma cikin santimita nawa ya tsaya, ana neman ƙarfin da ya tsayar da shi. Tafiyar kashi biyu ce, faɗuwa da tsayawa, kuma kowane kashi da nasa zanen.

Kashin faɗuwa. Idan abu mai nauyi ne dunƙulalle, kamar dutse ko buhu ko mutum, kuma tsawon bai wuce ƴan mitoci ba, ana iya yin watsi da iska. Kibiya ɗaya ce tak, P, don haka a = g, kuma gudun da zai iso da shi ƙasa yana fitowa daga v² = 2 × g × h, inda h shi ne tsawon da ya faɗo. Ka lura babu m a ciki. Galiliyo ya bayyana wannan a littafinsa na 1638, kuma a 1971 kwamandan kumbon Afolo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka lokaci ɗaya. Amma kada ka yi wannan watsin da auduga ko takarda ko leda, su iska ce ke juya su tun daga farko.

Kashin tsayawa. In nisa d aka ba ka, a = v² ÷ (2 × d). In lokaci t aka ba ka, a = v ÷ t. Kafin ka sa lamba, mayar da santimita zuwa mita (cm 5 shi ne m 0,05), giram zuwa kilo, kilomita a awa zuwa mita a sakan ta hanyar rabawa da 3,6. Daga nan ΣF = m × a. Sannan ka koma zanenka ka mayar da nauyi, domin ΣF = T − P, wato T = ΣF + P.

Ga shi a aikace. A wurin gini, lebura yana saman bene yana sauko da buhun siminti da igiya, igiyar tana zamewa ta cikin hannunsa, buhun yana sauka da gudun m/s 2. Magini ya ɗaga murya daga ƙasa ya ce a riƙe. Leburan ya matse hannu a hankali, buhun ya ƙara zamewa rabin mita ya tsaya.

a = (2 × 2) ÷ (2 × 0,5) = 4 ÷ 1 = m/s² 4.
ΣF = 50 × 4 = N 200, sama.
T = 200 + 500 = N 700.

Ɗalibin da ya tsaya a 200 ya ce shi ne jan igiya ya faɗi abin da ba zai yiwu ba. Igiyar da ke riƙe da buhu a tsaye cik ma N 500 take ja, yaya za a yi ta tsayar da buhu mai gudu da 200? Da 200 take ja, da nauyi ya rinjaye ta da 300, buhun ya ƙara gudu.

Yanzu mu ce igiyar ba a hannu take ba, ƙulli ne a jikinta ya maƙale a bakin ƙarfe, buhun ya tsaya cikin cm 10 kacal, iya abin da igiyar ta miƙe.

a = 4 ÷ (2 × 0,1) = m/s² 20.
ΣF = 50 × 20 = N 1000.
T = 1000 + 500 = N 1500.

Buhu ɗaya, gudu ɗaya, amma igiya ta ɗauki nauyin buhu uku. Shi ya sa igiyar da ta yini tana hawa da sauka da kaya lafiya take tsinkewa a fizga ɗaya, kuma shi ya sa tsofaffin magina ba sa yarda kowa ya tsaya a ƙarƙashin kaya ko da igiyar sabuwa ce. Igiyar roba mai ɗan miƙewa ta fi sarƙa sauƙi a irin wannan fizgar, domin miƙewar nan ita ce d, kuma d na ƙasa a rabawa: in ta ninka biyu, rarar ƙarfi ta ragu da rabi.

Haka lissafin yake a jikin mutum. Yaron mota mai kilo 60 ya diro daga saman kaya, tsawon m 1,8. Gudun isowa: v² = 2 × 10 × 1,8 = 36, ke nan v = m/s 6. In ya lanƙwasa gwiwa jikinsa ya ci gaba da sauka rabin mita kafin ya tsaya, a = 36 ÷ 1 = m/s² 36, ΣF = N 2160, ƙasa kuma ta tokare shi da 2160 + 600 = N 2760. In ya sauka da ƙafa a miƙe kan kwalta, ya tsaya cikin cm 5, a = 36 ÷ 0,1 = m/s² 360, ΣF = N 21 600, R = N 22 200. Ninki 37 na nauyinsa ke nan, kuma ta idon sawu da gwiwa da ƙashin baya zai bi. Lanƙwasa gwiwar da kowane yaro ke yi ba tare da an koya masa ba ta rage abin zuwa kashi ɗaya cikin takwas.

Akwai gajeriyar hanya ga abin da aka saki daga tsawo h ya tsaya cikin d, wadda ƴan ajin Faramiyar, na kafin Tarminal, za su gane daga darasin makamashi:

R = m × g × (1 + h ÷ d)

Gwada da yaron motar: 600 × (1 + 1,8 ÷ 0,5) = 600 × 4,6 = 2760. Ta yi daidai. Wannan "1" da ke cikin baka shi ne nauyin da ake mantawa. Ni dai na fi son a yi doguwar hanya a takarda, a riƙe gajeriyar don duba amsa, saboda maki yana rarrabe ne a kan matakai.

Abu ɗaya a riƙe: waɗannan amsoshi matsakaita ne. Mun ɗauka ƙarfin bai canza ba tun daga fara tsayawa har ƙarshe, alhali a zahiri yakan fara kaɗan ya hau ya kai ƙololuwa. Igiya kuwa ƙololuwar take ji, don haka mai zaɓen igiya ya bar wa kansa tazara mai yawa sama da abin da lissafi ya bayar.

Idan turjiyar iska tana canzawa

Mu koma ga sojan lema, domin m/s² 20 da muka samu na ƙiftawar ido ɗaya ne kawai. Turjiyar iska tana bin gudu, kuma ga manyan abubuwa masu sauri tana bin gudu sau gudu: f = k × v². Lambar k ta dogara ga faɗin abin da siffarsa da kaurin iska, wanda yake kusan kilo 1,2 a mita kubik ɗaya, kuma yana ɗan raguwa a zafin Maris da Afrilu ko a can sama.

Hanyar samun k mai sauƙi ce in an ba ka gudun ƙarshe, wato gudun da in an kai shi ba a ƙarawa. A nan turjiya ta yi daidai da nauyi, ΣF = 0, a = 0. Mutumin da ya baje jikinsa a iska ba lema yakan tsaya ne a wajen m/s 50 zuwa 55, kusan kilomita 200 a awa. Mu ɗauki 50: k × 2500 = 800, ke nan k = 0,32. To a lokacin da gudunsa yake m/s 30, f = 0,32 × 900 = N 288, ΣF = 800 − 288 = N 512 ƙasa, a = m/s² 6,4. Har yanzu ƙara gudu yake yi, sai dai ba da 10 ba. Kada ka kira wannan raguwar gudu. Ƙaruwar ce ta ragu, gudun kansa hawa yake yi.

Da lema a buɗe, mu ce gudun ƙarshe m/s 5 ne: k × 25 = 800, k = 32, ninki ɗari na da. Yanzu ka gwada sa gudun 50 a ciki: 32 × 2500 = N 80 000. Da lema tana buɗewa gaba ɗaya a take, da wannan ne zai fizgi mutum, ninki ɗari na nauyinsa, kuma babu jikin da zai jure. Saboda haka ake ƙera ta ta riƙa cika da iska sannu a hankali cikin ƴan sakanni, gudu yana raguwa tana ƙara buɗewa.

Tunda a tana canzawa, ba za ka yi amfani da a = v ÷ t ko v² ÷ (2 × d) a kan tafiyar gaba ɗaya ba. Sai dai ka yanka lokaci gunduwa-gunduwa. Mu fara daga inda lema ta gama buɗewa, gudu m/s 10, kowace gunduwa sakan 0,05.

Gudu 10: f = 3200, ΣF = 2400, a = 30. An zaftare 30 × 0,05 = 1,5. Saura 8,5.
Gudu 8,5: f = 2312, ΣF = 1512, a = 18,9. An zaftare kusan 0,95. Saura kusan 7,55.
Gudu 7,55: f kusan 1824, ΣF kusan 1024, a = 12,8. An zaftare 0,64. Saura kusan 6,9.

Ci gaba da kanka, za ka ga a tana ta ƙanƙancewa, gudu yana matsowa kusa da 5 ba ya gangarawa ƙasa da shi. In kana da kwamfuta ko waya mai manhajar jadawali, layi ɗaya za ka rubuta ka ja shi ƙasa. Iyakar ƙanƙantar gunduwa, iyakar kusantar gaskiya.

Irin wannan ne ya sa ruwan Agusta ba ya fasa kai. Ɗigon da ya taso daga mita 2000, da babu iska, da v² = 2 × 10 × 2000, wato m/s 200 zai iso da shi. Manyan ɗigogi kuwa a wajen m/s 9 suke tsayawa.

Gwada da hannunka

Da rani, lokacin da Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, ya ƙafe ya zama rairayi zalla, ba ka bukatar ɗakin gwaji. Nemi dutse mai ɗan tsini, ka kai wa mai shago ya ɗora maka a sikeli. Ɗauki sanda ka auna mata m 1,25 ka yi alama. Zaɓi wurin da rairayi yake a sake, ka tona shi da hannu ka baje, ka daidaita samansa da gefen katako. Tsayar da sandar, ka riƙe dutsen yadda tsininsa ke daidai da alamar, ka buɗe yatsu kawai, kada ka tura. Kafin ka cire shi, ja layi da alli a jikinsa daidai inda saman rairayi ya tsaya, sannan ka zare shi ka auna daga tsini zuwa layin. In ka ce ramin za ka auna bayan ka cire dutse, gefensa zai zube ya cika maka shi, ka samu d ƙarami da ƙarfin ƙarya. Yi sau da yawa, kana sake baje rairayin kowane karo, ka ɗauki matsakaici.

Mu ce dutsen kilo 2 ne, ya nutse cm 5. v² = 2 × 10 × 1,25 = 25, v = m/s 5. a = 25 ÷ 0,1 = m/s² 250. ΣF = N 500, R = 500 + 20 = N 520. Lokacin tsayawar kuwa t = v ÷ a = 5 ÷ 250 = sakan 0,02, shi ya sa ido ba ya kama shi kuma agogon hannu ba shi da amfani a nan. Sai ka matsa inda mata ke tona ramin ɗiban ruwa, inda rairayi yake da danshi ya daddale, ka sake gwadawa. Zurfin zai canza, R ma ya canza, alhali dutsen da tsawon suna nan yadda suke. Ka janye ƙafarka dai kafin ka saki.

Duba amsa kafin ka miƙa takarda

Abin da ke sauka yana rage gudu, dole ƙarfin sama ya fi nauyi. In T ko R ko f ta fito ƙasa da P, akwai kuskure. Abin da ke faɗowa yana ƙara gudu ba tare da an tura shi ba, a ba za ta wuce g ba. Raguwar gudu kuwa ba ta da wannan iyaka, 250 ko 360 ba abin tsoro ba ne in d ƙarami ne. Sannan ka sa a = 0 a lissafinka ka gani ko T ta koma daidai da P. In ba ta koma ba, alama ce ta juye maka a wani wuri.

Ga ɗaya ka yi da kanka. Ana zura mahaƙin rijiya mai kilo 60 da igiya, yana sauka da gudun m/s 1,5. Masu riƙe da igiya suka tsayar da shi cikin sakan 0,5. Nemo raguwar gudu, da rarar ƙarfi, da jan igiya, da nisan da ya ƙara sauka kafin ya tsaya. Sannan ka sake lissafin in cikin sakan 0,1 suka tsayar da shi. Kashin farko ya kamata ka samu m/s² 3, da N 180 sama, da N 780, da kusan cm 38. Kashi na biyu kuwa m/s² 15, da N 900, da N 1500, da cm 7,5.